Ranar da Na Tuhumi Uwar Kifi a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na tara mutane a ɗakina a Wudil don su ga zurfin ilimina. Sun kuwa gani, har ƙasansa.

Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, an ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya haukace da saye-saye. A makarantar da nake koyar da kimiyya, wannan ya sayo babur, wancan rediyo mai kaset. Ni kuwa kifi na saya. Ba na miya ba, na kallo. Wani Bature injiniyan hanya da zai koma gida ya sayar mini da akwatin gilashi, da ɗan inji mai hura iska a ruwa, da kifaye shida masu sheƙi, kore-kore da ɗigon shuɗi kamar an yi musu aikin zare. Ya ce asalinsu daga kogunan Kudancin Amurka ne, kuma ma'anar sunansu "mai cin ƙasa". Sun kuwa ci sunansu. Yini suke suna cika baki da yashi, su tace abin ci, su fesar da sauran ta gefen kumatu.

Ai sai na zama wani iri. Da kaina nake zuwa kogi in ɗebo yashi mai laushi, in wanke shi sau bakwai. Duk Asabar sai na rage musu ruwa na ƙara sabo. Amaryata Ladidi takan ce, "Malam, ko ni ba ka tambayata sau uku a rana ko na ƙoshi." (Ku tuna fa, Wudil ce, inda ake jibge kifi kwando-kwando a bakin gada. Kuma mahaifin Ladidi, Baba Ɗanjuma, masunci ne tun kafin a haife ni.)

Ana nan sai ɗaya daga cikin kifayen ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura. Na yanke hukunci cewa hangum ne. Na yi ta jinya da ido kusan mako biyu. Ranar Juma'a da safe na leƙa, sai ga 'ya'yan kifi ƙanana kamar tsaki sun kewaye ta! Na yi tsalle har na buge fitila. Ko karyawa ban yi ba na ruga makaranta, na gayyaci kowa, har Hedimasta, bayan an sauko daga masallaci.

Suka zo, ɗaki ya cika. Baba Ɗanjuma ma ya biyo daga kasuwa don ya ga 'yarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya zauna a tabarma kusa da ƙofa. Na ɗauki rula na shiga bayani, ina cusa Turanci inda ba a tambaye ni ba. Ina tsaka da haka Hedimasta ya matso, ya ƙwanƙwasa gilashin da makullin sabuwar motarsa.

Kafin ƙiftawar ido uwar ta buɗe baki, zuuu, 'ya'yan nan kaf suka shige ciki.

"Innalillahi! Ta cinye su! Jama'a, ta cinye 'ya'yanta!"

Ni ne mai wannan ihun. Na faɗa madafa na fizgo rariya, na zurma hannu cikin akwatin har kafaɗa, da babbar rigata ta Juma'a. Na bi ta nan, na bi ta can, yashi ya tashi, ruwa ya koma kamar kunu, hulata ta faɗa ciki tana yawo. Da ƙyar na cafke ta. Na ɗaga murya (a gaban surukina fa!) na ce, "Ladidi! Kawo tsinke in buɗe bakin muguwar nan!"

Sai na ji murya a hankali daga bakin ƙofa. "Malam, don Allah mayar da baiwar Allahn nan ruwa."

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma sai bakina ya ce, "Baba, ai ba ka san irin wannan kifin ba. Na ƙasar waje ne."

"Haka ne," in ji shi. "Amma mayar da ita. Ku kuma ku ja baya, kowa ya yi shiru."

Na mayar da ita, muka yi cirko-cirko, ruwa na ɗiga daga hannun rigata. Yashi ya kwanta. Can sai uwar ta koma lungu, ta buɗe baki, 'ya'yan suka fito ɗaya bayan ɗaya, garau.

"Goyo ne," Baba ya ce. "Ita ba ta da zane, sai baki. In ta ji tsoro ta ɓoye su. Karfasar kogin nan ma haka take yi."

Daga bayan labule na ji Ladidi ta tuntsire. Hedimasta ya share hawayen dariya ya ce, "Malam, wannan darasin a aji nawa kake koyar da shi?" Kafin Litinin sunana ya koma Malam Rariya, kuma har na bar makarantar bai bar ni ba.

Da baƙi suka watse na tambayi Ladidi me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Yaushe ka taɓa tambayata? Kullum bayani kake mini."

'Ya'yan dai sun rayu, duk da taimakon da na ba su. Ni kuma tun daga ranar, kafin in buɗe baki in koyar da jama'a wani abu, sai na fara duba ɗakin ko akwai wanda sana'arsa ke nan. In kuma ihu ya taso mini, nakan roƙe shi ya jira ni minti biyar.