Ranar da Aka Fitar Mini da Aljanin Ƙasar Sin

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ƙarti huɗu suka danne ni a tsakar gidanmu na Salaga ba, ni da ke da baƙar ɗamarar karate a ƙasan akwati. Kuma tun yanzu in gaya muku, ban tuba ba, ba kuma zan tuba ba. Kunya dai na sha ta har na ƙoshi, wannan kam ba na musu.

Mu jikokin fataken goro ne, amma yanzu doya ce ke ciyar da mu. Kawuna Alhaji yana da manyan motoci da ke kwasar doya daga Salaga, su bi ta Yendi su kai Bawku, su dawo da albasa. Ni direban canji ne a wurinsa, wato sai wani ya kwanta ciwo nake taɓa sitiyari. A shekarar da abin ya faru ya sayi sabuwar mota, ya ce makullinta na ɗayanmu ne: ko ni, ko Sule, ɗan ƙaninsa da ya tashi a Bawku. Ina da mata da yara biyu a ɗaki ɗaya, don haka kun san yadda nake kallon makullin nan.

Ni da Sule tun muna samari ba ma shiri, kuma ba a kan mota muka fara ba. Shi ɗan taikwando ne. A wurinsa hannu na cin tuwo ne kawai, ƙafa ce ke faɗa: ka tsaya nesa, ka yi tsalle, ka juya, ka sauke wa mutum diddige a kunne. Ni kuwa ɗan karate ne, mu kafe ƙafa muke yi a ƙasa, mu tara ƙarfi wuri ɗaya, mu yi ihu, duka ɗaya ya gama magana. Nakan ce masa duk wanda ya ɗaga ƙafa sama da kansa bai san darajar wandonsa ba. Shi kuma ya ce mu ’yan karate da bulo kaɗai muke iya faɗa, don bulo ba ya ramawa. Wuri ɗaya muke haɗuwa, wajen raina ’yan judo, mutanen da darasinsu na farko koyon faɗuwa ne.

Sai gwiwata ta hagu ta fara ciwo, wadda nake taka kuloci da ita. Ban gaya wa kowa ba (direba mai ciwon gwiwa ai ya zama fasinja). Ana nan, wata rana masu gyaran titi suka tsare mu a daji kafin Yendi. Na sauko ina ɗingishi, sai na hango wani tsoho ɗan ƙasar Sin, mai dafa wa ma’aikatan abinci, yana wani irin motsi a gindin bishiya kamar mai tafiya cikin ruwa. Leburori suna kiransa Baba Sannu-sannu. Na tsaya na yi dariyata son raina. Ya yafuto ni, ya nuna ƙirjinsa, wai in ture shi.

Na ture shi da ƙarfin karate na shekaru. Ban same shi a wurin ba. Abin da na samu shi ne tarin jar ƙasa, da baki.

Ya ɗaga ni, ya ce da guntuwar Hausarsa, “Kai ƙarfi yawa. Ƙarfi zo, kai buɗe ƙofa, ƙarfi wuce.”

Sunan abin taici. Duk sanda muka biyo hanyar sai in tsaya ya ƙara mini kaɗan. A karate an koya mini in tari duka da duka, a nan kuwa sai aka ce in kauce in bar mai dukan ya kai kansa ƙasa. Babu ihu, babu gaggawa, numfashi ne da karkata. Ku yi dariya in kun ga dama, gwiwata dai ta daina ciwo.

Kuskurena ɗaya, na kawo abin gida. Bayan sallar asuba sai in zagaya bayan madafa, in lanƙwasa gwiwa, in lumshe ido, in shiga shafa iska. Ashe Mma, mahaifiyata, tana kallona ta tagar ɗakinta. Shekara da shekaru ina fasa bulo da hannu ina kururuwa a gidan nan, ba ta taɓa cewa komai ba sai “Allah ya ƙara lafiya.” Amma da ta ga ɗanta ya yi shiru yana motsi a hankali, sai hankalinta ya tashi.

Na fara jin kokona yana ɗanɗanon rubutu. Na fara tarar da hayaƙin turare a ɗakina. Rannan ta tare ni ta ce, “Wai me kake riƙewa ne haka tsakanin hannuwanka?”

Na ce, “Ƙwallo ce, Mma.”

“Ina ƙwallon?”

“Ai ba a ganinta.”

(Na sani. Ba sai kun faɗa ba.)

Safiyar da nake ba ku labari, ina tsakiyar tsayuwa da ƙafa ɗaya, hannuwa a buɗe, na ji an cafke ni ta baya. Jikina bai yi shawara da ni ba. Na saki kafaɗa, na juya ƙugu kaɗan, sai ga ƙato ya wuce ni ya rungumi turmi. Na biyu ya zo, shi ma na buɗe masa ƙofa, ya tafi cikin bahon wanke-wanke. Wallahi tun da na fara koyo abin bai taɓa yi mini kyau irin na ranar ba, har na ji wani daɗi ya taso mini.

Sai na ji Mma ta rafka salati tana cewa, “Kun gani ko? Ba ya riƙuwa!”

Da na waiga, gidan ya cika. Ga Kawu Alhaji a kan kujera, ga Sule, ga wani malami da aka ɗauko takanas daga Yendi, wanda ake kira Afa. Matan maƙwabta sun jera kai a kan katanga. Na daina kaucewa don kada in ƙara ɓata lamarin, suka taru su huɗu suka kwantar da ni a tabarma. Sule ne ya zaɓi ƙafafuna.

Na ce, “Kawu, motsa jiki ne fa! Tambayi Sule, ya san irinsa!”

Kawu ya dubi Sule. Shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce, “Gaskiya Baba, mu a taikwando ba mu da wannan koraa, ko kaɗan.”

Bai yi ƙarya ba, munafukin. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Afa ya yi karatu ya tofa mini. Karatun Alƙur’ani bai taɓa cutar da kowa ba, na saurara da ladabi. Sannan ya matso ya ce, “Wannan abu, wane ya koya ma?”

“Wani tsoho ne ɗan ƙasar Sin.”

Katanga ta ɗauki salati.

“Ina ka gamu da shi?”

“A daji, hanyar Yendi, gindin wata bishiya.”

“Yanzu shi na ina?”

“Sun gama aiki, ya tafi.”

Afa ya girgiza kai ya ce wa Kawu, “Alhaji, bai tafi ba. Shi na ciki. Wannan ya zo daga nesa paa, nesa sosai.”

Duk gaskiyar da na faɗa sai ta ƙara ɗaure ni. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce shi ba zai ɗora dukiyar mutane da rayukansu a hannun mai iska ba, in abin bai fita ba magana ta ƙare. Na ga Sule ya ƙara danne ƙafata da murna. Mma kuwa ta durƙusa a kaina tana kuka, kukan gaske, tana kiran sunana na yarinta.

A nan kwance na auna makarantun nan duka. Karate ta ce in fizge hannu in zubar wa Sule haƙora. Da na yi, da an ce aljanin ya fusata, a nemo igiya. Taikwando ba ta da abin cewa, tunda an zauna a kan ƙafafun. Saura maganar tsohon nan. Ƙarfin unguwa guda ya taho, ni wane ne da zan tare shi?

Na rufe ido, na siranta murya kamar ta ɗan akuya, na ce, “Zan fita.”

Afa ya ce, “Ta ina za ka fita?”

Ban shirya wa wannan ba. Na ce, “Ta gwiwa.”

“Ka yi alkawari ba ka dawo?”

“Na yi.”

Na karkaɗa ƙafar hagu, na yi atishawar ƙarya har sau uku, na yi lamo. Ni, magidanci mai gemu, a gaban matata da surukata da duk wanda na taɓa yi wa burga a Salaga. Da na buɗe ido na ce “Ina ne nan?”, wata tsohuwa a kan katanga har guɗa ta yi.

Kawu ya sa mini ido na ɗan lokaci, ya ga ban sake shafa iska ba, ya miƙo mini makullin. Ni ke jan motar har yau. Sule yana nan yana canji, kuma har yanzu yana cewa taikwando ta fi.

Taici kuwa ban bari ba, a gida kawai na daina yi. A tashar Yendi nake yi, da rana tsaka, a gaban kowa, yara suna kirana Mai Ɗan Sin. Su kira. Abin da na koya shi ne, a zongo, wato unguwarmu, in za ka koyi faɗa, koyi mai ihu, don mutanenmu suna yafe wa mai fasa bulo, amma ba sa yafe wa mai natsuwa.

Mutum ɗaya ce ban iya yi wa gardama ba. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai Mma ta zaunar da shi ta ba shi labarin yadda ta lura da wuri, ta tsaya tsayin daka, ta ƙwato ɗanta daga hannun aljanin da ya ƙetaro teku. Tana faɗa idonta na cika da hawaye. Ni kuma ina gefe ina cewa, “Allah ya saka da alheri, Mma.” Gara garin nan ya ci gaba da kirana mai aljani har in mutu, da in ƙwace mata wannan.