Fim Ɗin da Na Kalla da Kunne

Ba zan taɓa mantawa da watan gwajina a wani gidan rediyo a Dutse ba. Shirin sharhin finafinai aka ba ni, aka ce in na yi abin kirki aiki ya zama nawa. Ni kuwa zaman banza ya ishe ni, don haka na ɗauki abin da zafi.

Finafinai huɗu zan tattauna a makon farko: na kaboyi, na 'yan sama jannati, na wani uba da ɗansa da ya sa ni hawaye, sai wani da ban san kansa ba. Uku na kalle su tsaf. Na huɗun lokaci ya ƙure, ina cikin mota daga Taura, sai na jefa waya a aljihu na maƙala abin ji a kunne. Ai mai fassarar Hausa ne, komai za a faɗa mini. Mai fassarar kuwa barkwanci ya yi ta zubawa, duk wanda ya ƙwalla ihu sai ya ce tuwo ne ya ƙona shi. Na yi ta dariya har direba yana waigowa.

Na shiga shiri na yabi dawakin kaboyi, na kushe kumbon 'yan sama jannati (ni da ko jirgin sama ban taɓa shiga ba), sannan na ce na huɗun na ban dariya ne, a tara iyali a kalla.

Da mako ya zagayo aka buɗe layin masu sauraro. Kiran farko, sai na ji muryar Gwaggo, yayar babana da ke Takur.

"Kai ɗan nan, kai ka ce a tara iyali?"

"Ni ne, Gwaggo. Ina wuni?"

"Ban wuni ba! Na tara jikoki, sai ga wata mata ba kai tana fitowa daga rijiya. Yanzu ba mai yarda ya ɗebo ruwa, ni nake jan guga da ciwon gwiwata. Da ido ka kalla ko da ƙeya?"

Mai kula da na'ura ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Shugabar shirye-shirye na tsaye tana kallona ta gilashi. Kunya ta kama ni har gumi ya jiƙa rigata.

"Da kunne, Gwaggo," na ce. Duk Jigawa ta ji.

Ba a kore ni ba, an dai tsawaita gwajin. Gwaggo ma ta yafe, bayan ta mayar da ni mai ja mata ruwa. Yanzu ba na yabon fim sai na buɗe ido na gan shi. Wancan ma na kalle shi daga baya, shi ya sa da na jefa guga nake kawar da kai.