Lahadin da Na Kai Surukina Sinima

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki mahaifin yarinyar da nake nema na kai shi kallon fim ba. Da ƙafata na je na ɗauko shi, da bakina na roƙe shi. Babu wanda ya sa ni, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Bari in fara da gaya muku cewa ni fa na san fim. Ba yabon kai ba ne (to, da ɗan yabon kai a ciki). Aikina lodin jakunkuna a filin jirgin sama, ɗakina a unguwar Jamaica ta birnin New York in na miƙa hannu biyu sai na taɓa bango da bango, amma kwana biyu a mako ina zuwa ajin koyon haɗa fim, kuma in na fara bayani har malamin yakan ajiye kofinsa. Akwai wani darakta Ba'amurke da na ɗauka ubangidana, duk da bai san ina duniya ba. Ba ya cikin masu fashe-fashen motoci. Shi da 'yan mutanensa yake fita, ya kafa kyamara a wani lungu, ya bar mutane su yi zamansu ba gaggawa. Turawa sun yi ta ba shi lambar yabo, ni kuwa tun ina Kano na riga su gane shi.

Finafinansa uku nake da su, duk daga shagon Malam Sabi'u, mai tura wa mutane fim a waya a unguwarmu ta Kano, kuma su na taho da su Amurka. Akwai na wasu mata biyu da suka wuni suna jiran motar da ba ta zo ba. Akwai na wani kuku a jirgin ruwa. Amma wanda ya kama mini zuciya shi ne na wani tsoho mai gyaran keken ɗinki da zai rufe shagonsa, sai ya bi gida-gida yana mayar wa mutane kekunan da suka kawo gyara suka manta. Sau goma sha ɗaya na kalle shi. A gida na huɗu, tsohon ya ƙwanƙwasa, wata mata ta buɗe, ashe wadda ya so ce tun suna yara. Suka tsaya suna kallon juna. Sai kawai fim ya yanke, aka nuno shi yana tafiya a titi hannu wayam. Wallahi duk lokacin da na zo nan sai tsikar jikina ta tashi. Na taɓa yin minti goma a aji ina yabon wannan yankan, malamin ya dube ni wani iri ya ce, "Ban taɓa jin wanda ya kalle shi haka ba." Na ɗauka yabo ne.

To ga Ramatu, wadda nake so, ga kuma mahaifinta Alhaji Mumuni, ɗan Zangon Kumasi da ya shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙin tasi a New York kafin ƙafa ta zaunar da shi. Wata uku ina zarya daga ɓangarenmu na Queens zuwa gidansa a unguwar Morrisania, ina durƙusawa, ina jiran ya ce in turo magabatana. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Matsalarsa guda ce.

"Yarinya na ya ce kana karatun sini," in ji shi (Hausarsu ta Zango ba ruwanta da mace ko namiji, sini kuma fim ke nan). "Sini ba aiki ba ne. Rawa-rawa da rashin kunya. Ni ban ba ɗan sini yarinya na."

Ramatu ta ce in yi shiru in bar shi ya huce. Da na ji maganarta da ba ku ji wannan labarin ba. Sai ga wani ƙaramin gidan sinima a Manhattan, can tsakiyar birni, ya ware mako guda yana nuna finafinan ubangidana, na ce ai Allah ne ya kawo mini. Na je na tsuguna na ce, "Alhaji, ka ba ni awa biyu kacal. Fim ne a kan riƙon amana. In ka ga abin da bai dace ba ko na ƙiftawar ido, kada ka ƙara buɗe mini ƙofa."

Ku lura, ni na faɗi wannan. Shi bai nema ba.

Muka yi Azahar muka hau jirgin ƙasa. Alhaji ya sha babbar riga, casbi a hannu, ni ma na ɗora doguwar hulata ta zuwa Juma'a. Muka tarar da ɗakin cike da tsofaffin Turawa masu tabarau, shiru kamar ana jarrabawa. Muka samu wuri a can baya.

Awa ta farko ni ne sarki. Tsohon ya mayar da keke na farko, Alhaji ya gyaɗa kai. Ya mayar da na biyu ga 'yar wata mata da ta rasu, ya ƙi karɓar komai, sai na ji Alhaji ya matso ya raɗa mini, "Wannan mutum yana da tsoron Allah." Na ji kaina ya kumbura har hular ta matse ni. A raina na riga na fara zaɓar kawun da zai karɓa mini aure.

Da aka zo gida na huɗu na kasa haƙuri. Na sunkuya na ce, "Alhaji, yanzu ka lura da kyau. Za ta buɗe ƙofa, daga nan zai yanke. Baturen nan kunya gare shi kamar Bahaushe."

Ta buɗe ƙofa. Suka kalli juna. Na ɗaga yatsa ina jiran yanka.

Bai yanke ba. Matar ta kama kwalar rigarsa ta jawo shi ciki, kyamara ta bi su. Na ce a raina ai ƙila ruwa za ta ba shi. Hularsa ta faɗi ƙasa. Rigar sanyinsa ta bi hular. Ba zan ci gaba ba, mutuncina da naku ya fi haka, amma ku sani allon nan ya kai bangon gida girma, kuma tsofaffin nan biyu shekara arba'in suke ramawa.

Abu na farko da hannuna ya yi shi ne laluben rimot. Na laluba hannun kujera, na laluba gefe, na damƙi gwiwar wani Bature da ke hagu da ni. Da na tuna a sinima nake, sai wata dabara ta zo mini wadda har yau ban san daga ina ta fito ba. Na juya na fuskanci Alhaji na ce da ƙarfi, "Alhaji, ina wuni?"

Sau uku na riga na gaishe shi a ranar. Amma dattijo ba ya ƙin amsa gaisuwa.

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya Hajiya? Ya ƙafar, da sauƙi? Ya mutanen Kumasi? Ana ruwa a can?"

Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan casbinsa. Turawa suka fara yi mana "shhh" ta ko'ina. Na saci kallon allo ko an gama. Ina! Ai ubangidana ba ya gaggawa, abin da na shekara ina yabonsa da shi ke nan. Gaisuwa ta ƙare mini, na rasa wanda zan tambaya, sai na ji bakina ya ce, "Ya Baba?"

"Wane Baba? Ubana ya rasu tun ba a haife ka ba."

"Allahu akbar! Allah ya ji ƙansa. Ya haƙuri?"

Da ta'aziyyar ma ta ƙare, sai na miƙe tsaye na tare masa gaba, na buɗe hannuwa kamar mai tsaron gida a ƙwallo. Na manta hasken fim ta bayanmu yake fitowa. Sai ga inuwar kaina, da doguwar hula da kunnuwa biyu, ta bayyana a allo daidai tsakanin mutanen nan. Ɗakin ya kaure. Wata tsohuwa ta yi ihu da Turanci wai in zauna, wani ya fashe da dariya har yana tari, ma'aikaciyar wurin ta taho da tocila. Alhaji ya kama gefen rigata ya ja.

"Zauna, yaro. Ka tara mana jama'a."

Na zauna. Gumi ya jiƙa ni har safa. Na ce, "Alhaji, mu tafi." Ya ce, "Saura keke biyu bai mayar ba." Haka muka zauna har ƙarshe, ban ga komai ba sai takalmana. Muka hau jirgi muka koma. Da muka isa ƙofar gidansa ya ce, "Sai an jima," ya shige.

Washegari na kira Malam Sabi'u a Kano ina huci. Ko gezau bai yi ba. "Au, wannan? Ai duk fim ɗin da ya shigo shagona sai na wanke shi tas. Gidajen mutunci nake tura wa. Minti shida na cire a na mai keken nan, ko gode mini ba ka yi ba." Ashe yankan da ke tayar mini da tsikar jiki, wanda na tsaya a aji ina kwarzantawa, aikin Malam Sabi'u ne tsakanin La'asar da Magariba.

Kwana tara ban ji ɗuriyar Alhaji ba. Ramatu in na kira ta sai ta fara dariya, ta ƙare da kuka, domin baban ko sunana bai ambata ba. Na tsorata ƙwarai. Ni na gindaya sharaɗin, kuma sharaɗin ya ci ni.

Rana ta goma ya aiko in zo. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Shekara nawa ina tuƙa tasi a garin nan? Abin da na gani ta madubi, sinin ka wasan yara ne. Wata uku kana zuwa da ladabi, ban san ko na gaske ne ko na neman mata ba. Kowa ya iya durƙuso. Amma gumin nan da ka yi, ba a koya shi a makaranta." Ya gyara zama. "Ka ce wa mutanenka su zo ran Asabar. Kuma kada ka ƙara yi mini ta'aziyyar ubana."

An ɗaura. Har yau in na shiga gidan na ce ina wuni, sai ya leƙa talabijin ya ce, "Me aka nuna kuma?"

Har gobe na fi kowa sanin fim a ajinmu, wannan ba na ja da baya. Sai dai yanzu in aka ce in ba da shaidar wani abu, fim ne ko mutum, ba na rantsuwa. Cewa nake yi, iya abin da aka nuna mini dai lafiya lau ne.