Rasuwar Uwar Faifai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai ga dalilin ɓoyewa ba, Mai Bidiyo na shagon ƙarƙashin bene yana sanar da rasuwar na'urarsa ta buga faifai, wadda abokan sana'a suka sani da Uwar Faifai. Ta cika a kan teburinta, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ba ta taɓa tauye fuskar kowa ba. A kawo mata taron da aka wuni ana ɗauka, sai ta lallaɓa shi har ya shige faifai guda, ya fito tas, har gumin goshin mai jawabi ana gani. Ba ta san gaggawa ba. In aka cusa mata abin da ya fi ƙarfin faifai, sai ta ce "zuuu, ƙas," ta turo tirenta waje. Ba da ita za a yi ha'inci ba.

Mutanen da ta yi wa hidima su suka fara kashe ta. Waɗanda a da ke cika benci suna jiran nasu, yanzu wucewa suke kai a sunkuye, in sun tsaya ma sai su ce a turo musu ta waya. Daga nan ciwo ya shigo. Tire ya riƙa maƙalewa sai an zura masa tsinke, idonta ya dushe. Mai gyara ya buɗe ta, ya ce an daina ƙera kayanta, ya rufe, ko sukurorin bai mayar duka ba.

Aikinta na ƙarshe na gida ne. Matar marigayi wan Mai Bidiyo ta kawo kaset ɗin taron ranar da mijinta ya ajiye aiki, wanda a cikinsa ne kaɗai muryarsa ta rage. Kaset ɗin ya sha danshi, kunnawa ɗaya ta rage masa. Aka kunna shi a na'urar kaset, Uwar Faifai ta yi ta kwafa a faifai har inda wan ya miƙe zai yi godiya. Sai ta ce "ƙir, ƙir," fitilarta ta mutu. Garin a mayar da kaset baya, zaren ya tsinke ya cukurkuɗe.

Surukin Mai Bidiyo ya ce kada a damu, ai ya taɓa ɗaukar taron da waya daga fuskar talabijin. Aka nuna wa matar. Fuska ta dagule, murya kamar daga cikin tulu. Ta daɗe tana kallo, ta miƙa masa wayarsa, ta ce wannan ba mijinta ba ne. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta zargi kowa ba, kuma wannan ya fi yi wa Mai Bidiyo ciwo.

Marigayiya ta bar yayarta na'urar kaset, ita ma tana jinya, da rimot mai ɗaure da roba, da kwalin sababbin faifai marayu.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da baronsa. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago, da ƙafa. Mai niyyar cewa ai zamani ne, ya yi zamansa a gida. Tiren ya ƙi buɗewa, don haka za a tafi da ita da faifan a cikinta, inda wan Mai Bidiyo yake tsaye, ya buɗe baki, bai fara magana ba.