Ranar da Surukina Ya Shiga Bidiyona

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fara tallar mazarƙwaila kai tsaye a waya ba. Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo kafin in dawo Makarfi, don haka na ɗauka kyamara ƙanwar makirufo ce. Ashe ba su haɗa ko kaka ba.

Surukina, mahaifin matata, shi ne ke dafa mazarƙwailar a ƙauyen Gazara, ni kuma in sayar. Wata Hajiya mai babban shago a Kaduna ta ce za ta kalli shirin, in ya yi mata, za ta riƙa saye a wurina duk mako. Kwana uku ina gwaji a gaban madubi (har matata ta tambaye ni ko haƙori ke damuna, saboda irin murmushin da nake yi).

Ranar na jingina waya a kan buhu a ƙofar gida, na jera kaya a tire, na zauna. Da farko ina ƙifta ido kamar an watsa mini barkono. Can murya ta daidaita, baki ya yi daɗi, sai na ji kaina ina cewa, "Da hannuna nake dafa ta, tun daga matsar rake har zubawa a kwano."

Sai ga sallama. Surukina ne, ya sauka daga babur.

To, ba a amsa wa suruki daga kan kujera. Na zame na durƙusa, na ɓace daga hoton gaba ɗaya. Masu kallo suka zauna da kujera ba kowa, suna jin "Ina wuni, Baba? Ina gajiya? Yaya mutan gida? Yaya gona?" Shi kuma bai rage ko ɗaya ba, har lafiyar awakina ya tambaya.

Da ya gama, sai ya zauna a kujerar, ya ɗauki ɗaya ya gutsura.

"Malam, tun daga bakin hanya na ji ka. Wacce ce ka dafa da hannunka?"

"Baba, ai talla ce…"

"Kai da hayaƙi ya kore ka daga bakin kasko ko minti biyar ba ka yi ba? Sai da muka yi maka fifita!"

Wayar tana nan kamu biyu daga hannuna. Amma wa zai miƙe ya tsallake surukinsa yana magana? Ina tsugune, shi kuma yana yi mini bayanin irin raken da ya nuna, da yadda ake gane wuta ta isa daga ƙamshi kawai.

Da ya shiga gida na kashe shirin, na tarar da kiran Hajiya har biyu. Na kira ina shirin ban haƙuri. Dariya ta hana ta magana. "Aiko da kayan," ta ce daga baya. "Mutumin da ya ƙaryata surukinsa a bainar jama'a ba zai ha'ince ni ba."

Yanzu Baba ke zama a kujera, ni in riƙe waya. Na dai gane cewa in za ka ƙara gishiri a talla, fara duba hanyar Gazara.