Kumandan Ba Ya Cin Tuwo

Duk garin da Allah ya so da rahama yakan ba shi masani guda. Mu a Badagishiri Muttaƙa aka ba mu, kuma mun gode. Ya yi shekaru a Kwatano yana kula da harkokin gidan wani Bature, in ji shi. 'Yan ci-rani da suka gan shi can sun ce harkokin ba su wuce buɗe ƙofa da rufe ta ba, amma kowa ya san 'yan ci-rani da hassada. Ya dawo mana da kwat mai manyan aljihuna, da tabarau, da kalmar "bon" wadda yake buɗe kowace magana da ita. Abu guda ya rage masa a duniya, wato mabiya. Mutum mai ilimi irin nasa bai kamata ya riƙa tafiya kasuwa shi kaɗai ba.

Fannin da ya ƙware a kai shi ne ciyar da kare. Saboda haka ya je Ƙonni ya sayo kare wurin wani mutum da ya rantse uban karen Bajamushe ne, ya sa masa suna Kumandan. Masu ido sun ce Kumandan ya yi kama ƙwarai da karnukan mafarautan Tajaye, har da tsagar kunnen. Muttaƙa ya ce a Jamus ma ana tsaga kunne.

Aka gina wa Kumandan ɗaki mai rufin kwano a lokacin da ɗakin Bushira, matar gidan, yake yoyo. Aka sayo masa tasar silba, da burushi, da sabulunsa na kansa, da igiya mai ƙugiya, da 'yar katifa. Ruwan leda yake sha. Abincinsa kuwa daga Yamai yake zuwa cikin buhu mai hoton wani kare yana murmushi. Kuroket ake ce masa, wasu busassun ƙwayoyi ne masu kama da kashin awaki, sai dai kashin awaki kyauta ake samunsa.

Kullum da hantsi Muttaƙa yakan cika aljihu da kuroket ya nufi rumfar mai shayi, inda yake ba da darasi ba tare da an roƙe shi ba.

"Bon," yakan ce, "ku nan ba ku san kare ba. Ku jehwa mai ƙanzo, ku jehwa mai ƙashi, ku ce kun yi kiwo. Kare shina son bitamin. Ba shi son gishiri, ba shi son maiƙo, albasa kau guba ta gare shi. In za ka zaɓi abincinai, ka shinshina, ka murza, sannan ka ɗanɗana da bakinka."

Sai ya jefa ƙwaya guda a baki ya tauna a gaban jama'a, idonsa na kawo ruwa, ya ce madalla. Manoman albasa, waɗanda tun kakanninsu ba su taɓa ganin kare ya roƙi albasa ba, sukan jinjina kai su ci gaba da shan shayinsu. Su ne suka raɗa masa Lokotoron Karnuka, wato likitan karnuka. Ya karɓi sunan hannu biyu, har ya ce an makara.

Babbar dokarsa ita ce kare mai asali ba ya cin abinci ana kallonsa. Kowace safiya yakan zuba kuroket a tasa da hannunsa, ya kwance Kumandan, ya kori kowa daga bayan gida, shi ma ya fita. In ya dawo sai ya tarar da tasa fes, Kumandan kuma yana kwance yana lashe baki. Kafin watanni kaɗan kare ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi. Bushira ta taɓa buɗe baki za ta gaya masa wani abu da ta hango ta taga. Ya tambaye ta aji nawa ta yi a lakwal, wato makarantar boko, ta ja bakinta ta rufe.

A bayan katangar Lokotoro wata tsohuwa ke zaune, Saude. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun tafi ci-rani sun yi shiru. Abin da take da shi zabi ne. Da damina takan dafa ƙwansu ta kai bakin hanyar Tawa ta sayar wa matafiya, da shi take sayen geron da zai kai ta kaka. To a daidai lokacin da Kumandan yake ƙiba, garken Saude yake raguwa. Babu mai ilimin da zai haɗa waɗannan abubuwa biyu. Shi kansa Lokotoro ya sha ƙorafin cewa zabin maƙwabciyarsa ba su da tsafta, kullum sai sun zubar masa da gashi a bayan ɗakin Kumandan.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Saude ta duba ta ga saura 'yan kaɗan, cikinsu har da farar zabuwarta da ta fi kowace ƙwai. Ta ji tsoro sosai, domin in wannan ta tafi daminarta ta tafi. Ta yafa zane ta kai ƙarar Kumandan wurin Maigari Labo.

Lokotoro ya zo a cikin kwat, ya saurari ƙarar yana murmushin tausayi.

"Bon. Ranka shi daɗe, Madam Saude ba ta da laihi, rashin sani na. Karen da ka cin kuroket na Yamai mi za shi yi da zabuwag ƙauye? Ko an soya an ba shi, kauda kai za shi yi. Ku taho gobe ku gani da idonku, sau guda ɗai na ɗage doka saboda ilimi."

"Muttaƙa ɗan Hanifa," in ji Saude, "ni na goye ka kana zawo. Madam ɗin ga ka aje ta."

Washegari da safe Maigari da dattawa da Saude da rabin rumfar mai shayi suka laɓe a zauren Lokotoro suna leƙe. Ya zuba kuroket, ya kwance kare, ya dawo cikinsu yana gyara tabarau. Kumandan ya zo ya shinshina tasa, ya yi atishawa, ya koma gindin katanga ya kwanta ya lumshe ido.

"Shina nazari," in ji Lokotoro a hankali. "Haka na Turai su kai."

Ba a jima ba sai ga zabin Saude sun diro daga kan katanga ɗaya bayan ɗaya, kamar waɗanda aka aika wa goron gayyata. Suka kewaye tasar silba suka hau tsattsaga, farar a gaba. Suka cinye kuroket tas. Kumandan ya buɗe ido guda, ya zaɓi wadda ta fi ƙiba, wato farar, ya yi tsalle irin wanda mafarautan Tajaye kaɗai ke koyarwa.

Ba wanda ya san tsohuwa na da gudu sai ranar. Saude ta fito daga zaure da takalmi a hannu, ta sauke shi a tsakiyar kan Bajamushe. Ya saki farar zabuwa, ta haye katanga babu wutsiya, tana faɗa wa duk unguwa abin da ya faru.

Kowa ya juyo ya dubi Lokotoro. Da wani ƙaramin masani ne, da nan ya nemi ƙasa ta tsage ya shige, amma namu ya gyara wuyan kwat.

"Bon. Kun gani ke nan. Kuroket ya shiga zabbi, zabbi sun shiga Kumandan. Ƙibag ga da kuka gani, ta mi ta? Ta kuroket ta. Ilimi ba shi ƙarya."

Maigari ya ce lalle bayani ya gamsar. Sannan ya yanke hukunci: Lokotoro ya mayar wa Saude zabinta da aka ci, igiya mai ƙugiya ta fara aikin da aka sayo ta dominsa, sauran buhun kuma a kai gidan Saude, tunda masu cinsa can suke kwana.

Yanzu Kumandan yana ɗaure, yana cin ƙanzon Bushira, har ya lashe tasa ya bi ta da ita. Farar zabuwa ta yi sabuwar wutsiya, kuma bana Saude ta sayar da ƙwai har kaka.

Shi ma Lokotoro Allah bai bar shi haka ba. Har yau bai daina zuba ragowar kuroket da ya ɓoye a aljihu ba saboda darasi, kuma akwai waɗanda ba su manta da shi ba. Kullum da hantsi in ya fito zai tafi rumfar mai shayi, za ka gan shi a gaba cikin kwat da tabarau, zabin Saude jere a bayansa suna kuwwa. Ya dai samu mabiya.