Yadda Za Ka Shigo da Dutsen Bernina Cikin Falonka

Babu dutsen da ya fi ƙarfin gida mai ɗaki uku. Ni Flurin Caduff na shigar da layin dogo na Bernina cikin nawa, da tashoshinsa da ƙanƙararsa, kuma har yau da aurena. Bi matakan nan, na lamunce maka duka biyun.

1. Yi lissafi, sannan ka ɓoye takardar

Layin gaske kilomita sittin da ɗaya ne. A ma'auninmu na masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa, ɗaya bisa tamanin da bakwai, mita ɗari bakwai ke nan. Falonka mita shida ne. Ka ce wa maiɗakinka ɗan tebur za ka kafa a lungu. Haka na ce wa Ursina, shekara goma sha ɗaya ke nan.

2. Ci ƙasa a hankali

Kada ka nemi ɗaki, ka jira ɗaki ya mutu. Ranar da 'yarku ta tafi jami'a, raka ta tasha, ka share hawaye, ka dawo da ma'auni. Teburin cin abinci kuwa, ara za ka yi. Dutsen filasta ba ya komawa inda aka aro shi.

3. Kada ka taɓa cewa wasa

Yara ke wasa. Kai tafiyar da sufuri kake yi, bisa jadawalin jirgin gaske, minti da minti. In abinci ya yi karo da jirgin rana, abinci ne ya yi kuskure.

4. Gayyato mai ƙirga ƙusa

Kowace ƙungiyar masu ƙananan jirage tana da shi. Namu Gion Derungs ne, tsohon malamin lissafi, wanda ke duba tarago da madubin likita. Layina ya iso ƙofar kicin, dole ya tsallaka ta, sai na yi gada mai fata irin ta ƙyauren ƙofa, wadda ake ɗagawa a wuce. Gion ya tsaya gabanta kamar an yi masa rasuwa.

"Mutumina, wace gada ce wannan?"

"Ta Brusio mana, wadda ke kan layin gaske. Ƙirga bakunanta, tara cif."

"Na ƙirga. Ka taɓa ganin gadar Brusio ta ɗaga ƙafa don wata ta wuce da miya? Ta dutse ce, Flurin. Kai dai ka ce ƙofar kaji ka yi."

Ursina ta leƙo da ludayi a hannu. "Gion, ta ina kake so in fito? Ta bututun hayaƙi?"

"Ranki ya daɗe, ni ba a kan mutane nake magana ba."

Mutum mai gaskiya ke nan. Washegari na cire fatar, na zuba gam.

5. Koya wa iyali sunkuyawa

Gadar tana daidai ƙirji. Ba ta hana kowa wucewa, ladabi kawai take nema. Shekara huɗu Ursina tana ratsa ta da tire, wani lokaci har da gaisuwa: "Ranka ya daɗe mai tasha, an ba talakawa hanya?" Ka amsa da fara'a. Ma'aikacin sufuri ba ya fushi da fasinja.

6. In likita ya sa baki

Zai sa. Bara aka yi wa Ursina aiki a gadon baya, aka ce ta daina sunkuyo kwata-kwata. Ranar da ta dawo ta tsaya gaban gadar da sandarta.

"Flurin, zarto minti biyar ne."

"Ursina, Asabar 'yan ƙungiya za su zo dubawa."

"Bayan Asabar fa?"

Na ce za mu duba. Riƙe wannan kalma, ta fi gam ƙarfi. Allah ya taimake mu kicin yana da ƙofar baya, wadda ke fita tsakar gida. Daga ɗakin kwana zuwa tukunya, matakala goma sha huɗu ne kacal da ɗan zagaye. Likita ma ya ce tafiya na da amfani.

Hattara

Ni dai gada na koya maka. Abin da ya samu bayan wani, ko gwiwarsa, ko zamansa da iyali, ba ya cikin zanen, kada a neme ni. 'Yan ƙungiya sun zo, Gion ya ce bai ga aibi ba, ya rubuta hakan da hannunsa.

Ursina ta kai kujera ɗaya kicin, can take cin nata yanzu. Zagayen ya yi mata yawa da ƙanƙara a ƙasa. Nawa farantin ta ƙarƙashin gadar take turo shi da bakin sanda, da zafinsa, bayan jirgin rana ya wuce.